Ƙari Kaɗan, Tishi da Yawa

(Taken shiri)

  Ina gaida mutanen Gantsa da Buji da Kawaya da Kukuma da Ahoto da Falageri, da na sauran garuruwan ƙaramar hukumar Buji. Ina gaida 'yan'uwanmu na Birnin Kudu da Gwaram da Kiyawa, da masu jinmu a cikin garin Dutse. 

Shirinmu na yau na ɗalibai ne, musamman masu karatun harshe da adabi, ko Hausa ce, ko Turanci, ko Larabci. Da ku nake, 'yan sakandare masu shirin WAEC da NECO da JAMB. Da ku nake, yayyensu da ke Kwalejin Ilimi ta Gumel, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ko Bayero a Kano. Iyaye kuma kada ku murɗa akalar rediyo, akwai rabonku a gaba.

Bara, ana saura mako uku a fara jarrabawa, wani saurayi ɗan unguwarmu ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Malam, wurinka na zo. So nake ka tsakuro mini abin da ke cikin littattafan Hausan nan da aka ce mu karanta, a taƙaice. Sauran darussa ne suka sha mini kai. Ita Hausa ai tamu ce, a cikinta aka haife ni."

Na ce, "To madalla, yarona, hau tabarma." Na miƙa masa takarda da biro, na ce ya rubuta mini wannan jimla: akan ɗora tulu a kan gammo. Ya rubuta, ya haɗe "akan" ta farko, ya haɗe ta biyu, alhali ta biyun kalmomi biyu ce, a rabe ake rubuta ta. Na ce to, faɗi wannan: na shiga gari na sayo gari. Ya faɗa daidai, ko gargada babu. Na ce mene ne ya raba garin farko da na biyu? Ya ce ma'ana. Na ce a baki fa, me harshenka ya yi da ya raba su? Ya yi shiru. Bai san cewa wasalin farko gajere ne a garin da ake zama, dogo ne a garin tuwo ba. Na ƙara masa da yaron da ke kuka a gindin kuka, inda karin sauti ne ya raba kalmomin, ɗaya muryar ta tsaya a sama, ɗaya ta faɗo a ƙarshe. Nan ma shiru. Sai ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

Wallahi jama'a, tausayinsa ya kama ni, don na san yaron nan tun yana rarrafe. Basira yana da ita. Kwanaki ne ba shi da su, ya riga ya kashe su, ga shi kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Irinsa suna da yawa, kuma abin ya fi kama ɗaliban harshe. Akwai darasin da in ka matsa wa kanka dare biyu za ka iya cusa wasu lambobi da sunaye a ka, ka je ka zazzage su a takarda, ka fito. Harshe ba ya karɓar wannan ciniki. Kunne ne ke koyon sa, da baki, da hannu, su kuwa waɗannan gaɓoɓi sai da yau da gobe suke sabawa. Ku dubi aikatau ɗaya kawai: saya, saye, sayar, sayo, sayu. Tushe guda ne, amma kowane da inda ya dosa. Wani masani Bature mai suna Parsons ya tsara aikatan Hausa rukuni bakwai a 1960, har yau kuma da tsarinsa ake koyarwa a manyan makarantu. Ko ku dubi jam'i: gida gidaje, ƙasa ƙasashe, doki dawaki, sarki sarakuna, littafi littattafai. Duk ɗan da aka haifa a Gantsa ya iya faɗin su tun kafin a sa shi makaranta. Amma a ce ya kasa su kashi-kashi, ya bayyana abin da aka ƙara da abin da aka sauya a cikin kowace kalma, wannan aiki ne na wanda ya zauna da su wata da watanni. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

To ina za mu samo magani? Ni dai ban je nesa ba. A bayan gidanmu na same shi, a tsangaya.

Kafin in ci gaba, a fahimce ni. Ba bara nake yabo ba, ba kuma yawon ƙananan yara babu takalmi ba. Wannan matsala ce da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma za mu ware mata rana. Tsarin karatun nake so mu duba, don iyayenmu sun daɗe da gano abin da ɗan boko ke fama da shi yau.

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da tsangaya ya san yadda asuba take. Duhu bai gama washewa ba, sanyi na ratsa riga, sai ka ji muryoyi sun tashi kamar zuma a amya. Kowane yaro da allonsa a cinya, yana bin rubutu da ɗan yatsa. Ka matsa kusa ka duba allon kolo, abin da ke kai bai fi layi uku ko huɗu ba. Shi zai yi ta biyawa da safe, ya biya da yamma, ya biya da dare a hasken wutar kara. In ya ji ya zauna masa, ya kawo wa malam. Malam ya karɓi allon ya kifa, ya ce, "Biya in ji." In ya yi tuntuɓe, a ce koma. In ya kawo shi sumul, sannan a ba shi izinin wanke allo, ya ɗauko tawada da alƙalami a yi sabon rubutu. Wannan sabon shi ne ƙari, kuma ba a ƙari sai na jiya ya zauna.

Ga inda hikimar take. Wanke allo ba ya nufin an rabu da abin da aka wanke. Gardin da ya yi nisa, abin da yake kashewa a kan tsohon karatu ya ninka abin da yake kashewa a kan sabo. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, sumuni 480 ke nan. Mahaddacin da ke tilawar izu biyu kullum, duk kwana 30 ya zagayo farko. Ka tarar da alaramma furfura ta cika gemu, ya rubuta Alƙur'ani da ka ba sau ɗaya ba, amma gobe da asuba yana nan zaune a buzunsa yana tilawa. Ya san abin da aka ruwaito daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda aka kamanta hadda da raƙumin da aka ɗaure, wanda in mai shi ya daina kula da shi sai ya kwance ya tafi. Ya kuma san hadisin da Nana A'isha ta ruwaito, mai nuna cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Kalmar da ake kiran wannan komawa baya ita ce tishi, kuma ina son kalmar nan ƙwarai. Daga dutsen niƙa ta fito. Mace ta niƙa hatsi sau ɗaya, ya farfashe amma da sauran tsaki. Sai ta tattaro shi ta mayar kan dutse ta tisa, har ya yi laushi. Karatun da aka bi sau ɗaya tsaki ne.

Turawa ma sun zo sun auna wannan abu da agogo. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya ƙirƙiri gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana sama da 2,000, ya riƙa haddace su yana gwada kansa, ya buga sakamakon a 1885. Ya gano cewa mantuwa ta fi ɓarna a sa'o'in farko bayan an koyi abu, daga nan sai ta rage gudu. Ya kuma gano wani abu da ya kamata kowane ɗalibi ya rubuta a bangon ɗakinsa: maimaici 38 da ya rarraba a kwana uku ya ba shi abin da maimaici 68 ya ba shi a zama ɗaya. Kusan rabin wahala, amfani ɗaya. Da za a karanta wa alaramman ƙauyenmu wannan bincike, murmushi kawai zai yi, don abin da yake yi ke nan tun yana titibiri.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ɗalibin harshe da adabi zai ɗora karatunsa a kan tsari mai ɗorewa.

To ɗalibi, yaya za ka ɗauko wannan tsari ka kai shi kan nahawu da waƙa da ƙagaggen labari? Nemi littafin rubutu ɗaya mai ganye 40 ko 60, ka ce wannan shi ne allonka. Kada ka haɗa shi da na aji. Ka zaɓi lokaci ɗaya wanda ba ya motsi, kuma a ƙasarmu babu ƙusar da ta fi salla kafuwa. In ka ce ƙarfe kaza zan yi karatu, ranar da aka yi baƙi ko aka aike ka, shi ke nan. Amma in ka ce da na sallame sallar asuba, kafin in taɓa komai, to ka ɗaure karatun a turken da ba ya tumɓukewa. Rabin awa nake roƙo.

Minti goman farko na tishi ne, kuma a nan ne yawancin ɗalibai ke yaudarar kansu. Sake kallon shafin jiya ba tishi ba ne. Ido ya saba da rubutun, sai zuciya ta ce ai na sani. Yi yadda malam ke yi wa kolo: kifa littafin. Faɗi da bakinka abin da ka karanta jiya, ko ka rubuta shi a wata takarda, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe. Wannan ɗan gumin da kake ji lokacin da kake laluben abin a cikin kanka, shi ne ke kafa shi. Bambancinka da kolo ɗaya ne: shi lafazi ake nema a wurinsa harafi da harafi, kai kuwa fahimta ake nema, don haka da kalmominka za ka faɗa. Minti ashirin da suka rage na ƙari ne, kuma ƙarin ya zama kaɗan: ƙa'idar rubutu ɗaya, ko rukunin jam'i ɗaya, ko baiti biyar. Ka sa kwanan wata a saman shafi. Shafin yau ka waiwaye shi gobe, ka sake waiwayarsa bayan mako, sannan bayan wata. Ranar Juma'a babu ƙari, tishin mako kawai. Tsangaya ma tana hutun Alhamis da Juma'a, ba ta kuma rushe ba.

Mu yi lissafi. Rabin awa, kwana shida a mako, mako 40 a shekara, awa 120 ke nan, da kai a sake, da safe. Wanda ya jira saura mako uku, ko da awa huɗu yake yi kowane dare babu fashi, awa 84 zai samu, rabinsu kuma gyangyaɗi ne da fargaba.

Akwai kuma abin da ɗan birni ba zai gane ba, amma ɗan Buji ya sani. WAEC tana faɗowa ne a watannin Mayu da Yuni, NECO ta biyo baya a Yuni da Yuli. Wane lokaci ne wannan a wurinmu? Sharar gona, kai taki, jiran ruwan shuka, sannan noman farko. Ranar da aka yi ruwan shuka babu uban da zai bar ƙato a ɗaki da littafi, kuma ban ga laifinsa ba, da geron nan da dawar nan da riɗin nan ake biyan kuɗin jarrabawar. Kafin nan kuma ga zafin Maris da Afrilu, wanda ɗaki ba ya zaunuwa. Saboda haka damanar ɗalibin karkara ita ce hunturu. Daga an gama kaka, an kai amfani rumbu, wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, nan ne gonarka ta littafi take. Wanda ya bar waɗannan watanni suka wuce a dandali da gidan kallon ƙwallo, ya yi asarar shukar fari.

'Yan mata, na san kuna cewa Malam bai san aikin gida ba. Na sani. Asubar da nake cewa a zauna, ke a lokacin kike hura wuta, ki ɗebo ruwa, ki shirya ƙanne. Bari in gaya muku abin da na gani da idona a gidan wata 'yar'uwata. 'Yarta tana aji biyar na sakandare. Na shiga tsakar gida da hantsi na tarar tana daka, bakinta na motsi. A jikin katanga, daidai tsayin idonta, ta soke wata 'yar takarda da ƙaya, gefenta har ya yi baƙi da hayaƙi. Baitoci ne guda huɗu na waƙar da aka ba su a makaranta. Tana ɗaga taɓarya tana saukewa, tana rera su a kan bugun turmi. Na ce, "'Yata, wa ya koya miki wannan?" Ta ce, "Kawu, babu kowa. Gani na yi in na bi bugun taɓarya ba na mantawa." Yarinyar nan ta gano karin waƙa da hannunta kafin malami ya zana mata shi a allo. Kakanninta ma a bakin turmi da dutsen niƙa suka yi ta waƙa.

Wannan ya kawo mu kan adabi, inda na fi so mu daɗe. Rubutacciyar waƙar Hausa don kunne aka yi ta. Awonta yana tafiya ne a kan gaɓa mai nauyi da gaɓa marar nauyi, kuma da yawa daga cikin waƙoƙinmu sun hau karuruwan Larabci, irin su Mutaƙarib da Kamil da Ramal, waɗanda Khalil ɗan Ahmad na Basra ya fara tsara iliminsu. Ɗalibin da ke karanta waƙa da ido kawai, bakinsa a rufe, zai haddace sunayen karuruwan nan amma ba zai taɓa jin su ba. Buɗe baki ka rera. Ka tuna Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, wanda ya rasu a 1990. Makaho ne, bai taɓa ganin baitinsa a takarda ba, amma awon waƙarsa ya zauna daram, don kunnensa ne ma'auninsa. Mu nan Jigawa kuma muna da namu, Mu'azu Haɗeja, malamin makaranta, wanda ya rasu a 1958 bai yi tsawon rai ba, ya bar waƙoƙin da har yau ake nazari. Abin kunya ne ɗan jihar nan ya gama karatun Hausa bai taɓa rera baiti goma nasa da murya ba. Ɗauki baiti biyar a rana. Rera su, nemo amsa-amo, ka ja layi a ƙarƙashin kalmar da ba ka sani ba, sannan ka rubuta a layi biyu abin da mawaƙin ke nufi. In ka kai ƙarshen waƙar a haka, jigo da salo ba sai an sa ka haddace su ba, kai za ka gaya wa malami.

Haka labari. Ku dubi Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, littafi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939. Yadda aka gina littafin farko ma darasi ne: aku ne ke ba ɗan sarki labari, dare bayan dare, don ya riƙe shi a gida. Ba a dare ɗaya ya juye masa su ba. To kai ma bi sawun akun, labari ɗaya kowane dare. Da gari ya waye, ka ba ƙanenka ko kakarka labarin da bakinka. In ka iya ba da shi har suka yi dariya inda ya kamata a yi dariya, ka karanta. In ka tsaya kana "am, am", koma ka tisa.

Ina roƙonku, ku rage dogaro da 'yan takardun taƙaitawa da ake sayarwa a bakin makaranta, da tambayoyin shekarun baya da amsoshinsu. Suna da ranarsu, a ƙarshe, don gwaji. Amma wanda ya karanta taƙaitawar Ruwan Bagaja bai karanta Ruwan Bagaja ba. An ba shi labarin miya ne, bai ɗanɗana ba. Littattafan nan na gasar 1933, irin su Ganɗoki da Shaihu Umar, ƙanana ne, shafi huɗu a rana zai kai ka ƙarshen kowannensu kafin wata ya mutu.

Wani abin da ɗalibin harshe ya fi kowa sa'a a kansa shi ne, kayan aikinsa na yawo a bakin mutane. Mai karatun kimiyya sai ya nemi ɗakin gwaji, kai kuwa naka ɗakin gwajin yana zaure da bakin rijiya da kasuwa. Bargery, wanda ƙamusunsa ya fito a 1934 da kalmomi kusan 39,000, ya fi shekara goma yana bin garuruwa yana tambayar mutane, kalma bayan kalma. Ka ware shafukan ƙarshe na littafinka. Kullum kalma ɗaya ko karin magana ɗaya da ka ji a bakin tsoho: sunan wani ɓangare na garma, sunan wata ciyawa, yadda ake kiran saniya mai kaza-kaza. Ka tambaya, "Baba, me ake nufi da wannan?" Ka lura da inda Hausar nan tamu ta bambanta da ta Haɗeja ko ta Katsina ko ta Sakkwato. Masu Fulatanci a gida, ku arzikinku biyu ne, ku riƙa gwama harsunan kuna ganin inda suka rabu. Ranar da aka ce ka kawo kundin bincike a kwaleji ko jami'a, za ka tarar ka daɗe da fara shi. Tsofaffin nan kuma tafiya suke yi, kowane da abin da ke bakinsa.

Masu fama da Turanci da Larabci, hanyar ɗaya ce. Turanci dole ne a JAMB ko me za ka karanta. Kalma biyar a rana, kowace a cikin jimlar da kai ka gina, ba a tsaye ita kaɗai ba. Kwana 300, kalma 1,500. Ka sami aboki ɗaya ku yi alkawarin minti goma kullum a hanyar makaranta ba za ku yi Hausa ba. Za a yi muku dariya. A yi.

Waya kuwa, ba zan ce a jefar ba. Ɗauki muryarka da ita kana karatu, ka saurara, za ka ji kurakuran da ba ka san kana yi ba. Amma a cikin rabin awar nan, a kashe ta a sa a ƙarƙashin matashi.

Iyaye, ga rabonku. Ba sai kun iya boko ba. Abu uku ɗan nan ke nema a wurinku: 'yar fitila mai cajin rana, wuri a gefen ɗaki ko zaure, da alkawarin cewa a wannan rabin awa ba za a aike shi ba. Uwa, ki ɗauke wa 'yarki wanke-wanken safe ko na dare ɗaya, ki ba ƙanwarta ko ki jinkirta shi. Uba, in an idar da cin tuwon dare, ka ce, "Kai, me akun nan ya ce jiya?" Ka ga kai ma ka zama malamin da ke kifa allo. Yaron da ya san za a tambaye shi da daddare, da safe zai buɗe littafi.

Fashi kuwa za a yi shi. Za a yi zazzaɓi, za a yi biki, za a yi rasuwa, ruwan shuka zai sauka. Abin da ke kashe ɗalibai ba fashin ba ne, abin da ke biyo bayansa ne. Yaro ya yi kwana huɗu bai buɗe ba, sai ya ce zai rama da awa uku ranar Asabar. Asabar ta zo abin ya yi masa nauyi, ya ɗaga zuwa wata Asabar, daga nan littafi ya shige ƙarƙashin katifa. Kada ka rama. Almajirin da ya yi jinya ya tashi, ba a cika masa allo don ya biya bashi. Inda ya tsaya yake komawa, ya tisa na baya, a yi masa ƙari daidai cikinsa.

Saurayin nan da na fara ba ku labarinsa, mako ukun nan mun yi abin da za mu iya, amma sakamakon bai yi masa daɗi ba, bana zai sake zama. Tun bayan kaka yake zuwa wurina duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da littafinsa a naɗe a aljihun riga. Bangon ya yi laushi, akwai ɗigon man gyaɗa a shafi na tara. Nakan karɓa in kifa a kan tabarma in ce, "Biya in ji." Juma'ar da ta wuce shi ya kama ni da tambaya a kan wata kalma da ya ji a bakin kakarsa, sai da na shiga ɗaki na ɗauko ƙamus.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Kowane ɗalibi ya samo littafin rubutunsa, ya sa kwanan watan gobe a shafin farko. Ya nemo kalmomi biyar irin gari da gari, ko kuka da kuka, waɗanda rubutunsu ɗaya amma baki ya raba su, ya sa kowace a jimla. Ku aiko mana da su nan tasha, za mu karanta wasu a shiri na gaba, inda za mu shiga ƙa'idojin raba kalma da haɗa ta.

 

(Taken shiri)